Sunan Uwar Firaji

Marsai, Oktoba 1992

Zuwa ga Yaya Gazala,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar nan taki? Ina fata kin daina hawa soro da kwandon wanki, ko da yake na san halinki, ba za ki daina ba. Mu nan lafiya lau, sai hawan jinin maigidan da ya ƙi sauka, shi kuma ya ƙi rabuwa da gishiri.

Na sa miki man zafi da alewa a cikin ƙunshin, da wani littafi. Kin tuna Barhum Silama, ɗan mai gyaran agogo na bakin kasuwa, wanda Jamusawa suka kwasa tare da Firaji zuwa aikin tilas a Binzart? Ashe yana raye. Ya tsufa tukuf, amma ya zauna ya rubuta duk abin da idonsa ya gani, kuma Firaji yana ciki. Har da labarin yarinya mai jan ɗankwali da ta kai masa burodi bakin wayar shingen sansani.

Ranar da aka fito da littafin an yi taro, ɗakin ya cika maƙil. Barhum ya ce ƙanwar Firaji tana nan, sai kowa ya juyo yana tafi, aka kamo hannuna aka kai ni gaba. Yaya, na yi kuka har kwallina ya zube. Bayan nan wata Madam Kolet ta gidan adana tarihi ta zo har gida da rakoda ta ɗauki maganata, na kuma ba su wasu 'yan tarkacen Mama su ajiye.

Ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Na ji kwamitin maƙabartarmu ta Yahudawan Tunis za su ƙara sunayen da aka tsallake a dutsen waɗanda suka mutu lokacin yaƙi, kafin Idin Ƙetarewa. Kin san sunan Firaji ba ya kai, saboda rigimar da Mama da uwarki Inna Samha suka yi ta yi har aka gama sassaƙa. Tun da mamaci da sunan uwarsa ake yi masa addu'a, na rubuta musu su sa “Firaji ɗan Marima”. Mama ce ta haife shi, kowa ya sani. Sun ce sai kin sa hannu, tun da ke ce a gari. Don Allah ki leƙa musu.

Taki,
Ninat

Tunis, Nuwamba 1992

Zuwa ga Bahila, wadda aka mayar Ninat tun da ta tsallaka teku,

Na gaishe ki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Man zafi ya iso, alewa ta iso, na gode. Littafi ma ya iso, shi kam ban gode ba.

Faransancina bai wuce na sayen kifi ba, don haka na kai wa mai kantin magani ya karanta mini. Da ya zo kan yarinya mai jan ɗankwali sai ya cire tabarau ya ce, “Allah sarki, Madam Gazala, ashe 'yar'uwarki ta Marsai jaruma ce.” Na ce, “Wace jaruma?” Ya ce, “To ai ga hotonta a jarida, ita ce ƙanwar.” Na fizge littafina na fito, ko maganin da na je saye ban saya ba.

Bahila, ko kunya! Shekarunki takwas a lokacin, majina ma sai an share miki. Ni ce na hau motar gawayi zuwa Binzart, na isa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ni ce na dafa ƙwai, na daka zaitun, na saƙa safa. Jan ɗankwalin na uwata ne, yana cikin akwatina yanzu haka. Ni ce na tsaya bakin waya cikin ruwan sama har ya fito, ƙafafunsa a kumbure, ya ɗanɗana zaitun ya ce, “Gazala, har yanzu hannunki bai san awon gishiri ba.” Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Aka yi miki tafi a kanta, kika miƙe kika karɓa, har da zubar da kwalli. Ina jin haushi, kuma ba zan ɓoye ba, kishi nake har wuya.

Maganar dutse kuma, bari in tuna miki, tun da iskar Faransa ta kwashe miki tunani. Inna Marima ta yi wabi har uku, duk maza, ba wanda ya kai yaye. Da ta haifi na huɗu, ta miƙo shi ta taga, uwata Samha ta karɓa, ta ba ta kuɗin azurfa, faran ɗaya mai huji, a gaban matan gida, ta ce, “Na saya.” Don in Mala'ikan mutuwa ya leƙa ɗakin Marima neman ɗa, ya tarar ba ta da shi. Nonon uwata ya sha, a tabarmarmu ya kwana, wandon yayyena ya gada. Ranar aurensa ce Inna Marima za ta dawo da azurfar ta fanshe shi. Bai yi aure ba, bama-bamai suka same shi yana dakon kaya a tashar jiragen ruwa, an hana su shiga ramin ɓuya. Ke nan ba a fanshe shi ba. Ɗan Samha ya rayu, ɗan Samha ya mutu.

Na je wurin malamin majami'a, na ce a sa duka biyun mana in ya so. Ya ce mutum uwa ɗaya ake kira masa a addu'a, mu je mu daidaita, shi ba ruwansa. Hawati mai sassaƙa ya ce in ba mu ba shi suna da wuri ba, zai wuce na gaba kamar yadda ubansa ya yi.

Ba zan sa hannu ba. In kina son magana, ki kawo azurfar.

Gazala

Marsai, Disamba 1992

Yaya Gazala,

Ina gaisuwa, da fatan kin yi Idin Fitilu lafiya. Mun kunna namu, jikoki sun cinye soyayyen da na yi kafin ya huce.

Sunana Ninat, shekara talatin da ɗoriya ke nan, ki daina ja mini Bahila kamar kina jan akuya.

Ban taɓa cewa ni ce na je Binzart ba. Barhum ne ya ce “ƙanwarsa”, ni kuma ban ga ƙarya a ciki ba. Ki je ki saurari kaset ɗin Madam Kolet, na faɗi sunanki a ciki. To, sau ɗaya na faɗa, amma na faɗa.

Kina maganar kishi? Ke har kin san kishi? Tsakar gida ɗaya muke, ƙofarku tana kallon tamu. Duk daren Asabar ina zaune a bakin tagarmu ina kallonku, yana yanko miki burodi, yana ja miki kitso, kina tsala ihu, yana dariya. Mu a ɗakinmu daga ni sai Mama da Baba, shiru kamar gidan makoki. In Mama ta dafa miyar alayyafo da wake sai ta zuba a kwano ta ce, “Kai wa ɗan Innarki.” Ɗan Innata! An ba ni labari, ranar da ya cika sha uku ya fara karatu a majami'a, uwarki ce ta rangaɗa guɗa daga wurin mata, Mama tana bayanta ta cusa mayafi a baki. Kun same shi shekara goma sha tara, da safe da rana da yamma. Ku bar mana layi ɗaya a kan dutse ya gagara?

Maganar azurfa kuwa, wai wannan mai huji da jan zare kike nufi? Na ɗauka laya ce ta yara. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga amfaninta, kin san a ɗakinmu ba a wannan zancen. Tana cikin tarkacen da na ba gidan tarihi. Sun sa ta a akwatin gilashi, da 'yar takarda a gefe: “Layar Firaji, kyautar Madam Ninat Uzan.” Ta yi kyau sosai a wurin. Ni dai ban ga abin da tsohon faran zai hana ko ya sa ba, zamanin nan ya wuce.

Ki sa hannu, Yaya, lokaci yana tafiya.

Ninat

Tunis, Disamba 1992

Bahila,

Lafiya lau nake, yau ma na fi kullum, don na yi dariya har maƙwabta suka leƙo.

Laya! Tirƙashi! Uwarki ta riƙe azurfar nan a ƙirjinta rabin rayuwarta, ta wuce da ita yaƙi, ta wuce da ita yunwa, ranar da aka sayar da gadonku ma ba ta sake ta ba. Ke kuma kika ɗauka kika miƙa wa baƙi don a rubuta sunanki a gefen gilashi. Da hannunki kika rufe ƙofar fansa. To shi ke nan, magana ta ƙare, gobe zan ce wa Hawati ya wasa kurfinsa.

Kuma tun da kin ce ba a zaunar da ke an faɗa miki abubuwa ba, bari ni in zaunar da ke. Mun ɓoye yaron nan shekara goma sha tara, ko zazzaɓi mai ƙarfi bai taɓa yi ba. Ranar da aka jera su a titi da shebur a kafaɗa, wa ya kutsa cikin mutane yana ihu “Yayana! Yayana!” har unguwa ta ɗauka? Uwata ta faɗa a ranar, ta kuma faɗa ranar da labarin mutuwarsa ya zo: yarinyar nan ce ta nuna wa mutuwa shi. Wannan ma kin faɗa wa rakoda?

Gazala

Tunis, Fabrairu 1993

Ninat,

Ina gaisuwa. Yaya jikin maigidan? Na rubuto ban ji amsa ba, na aika gaisuwa ta bakin matar mai burodi da ta je Marsai ganin ɗanta, ta dawo ta ce ta buga ƙofa ba ki buɗe ba, alhali ta ga labule ya motsa. Wannan wane irin hali ne? In fushi kike ki rubuto ki zage ni, ai kin iya.

Ban je wurin Hawati ba tukuna. Gwiwa ce ta hana ni, kada ki ɗauka wani abu ne.

Madam Kolet ɗinki ta zo Tunis. Siririya, ba ta cin komai, na zuba mata kuskus da kifi ta yi ta tsakura kamar kaza. Ta kafa rakoda a kan teburina, na yi mata magana har kaset ya ƙare ta juya shi. Na nuna mata jan ɗankwali. Ta ce, “Za ki ba mu shi mu ajiye?” Na ce, “In na mutu ki zo ki tambayi gawata.”

Da za ta tafi ta ciro hoton wani kati daga jakarta, ta ce a cikin takardun lokacin mamayar Jamusawa suka samo shi, katin da aka kira Firaji aiki da shi. Na ce ta karanta mini. Ta karanta sunansa, da shekarar haihuwarsa, da lambar ƙofar gidanmu. Sannan ta ce, “Uba, Sasi Uzan. Uwa, Marima.” Na ce, “Sake karantawa.” Ta sake. Na ce, “Wa ya faɗa musu?” Ta ce, “Ba kowa, Madam. Daga littafin haihuwa na hukuma aka kwafo, tun yana jariri haka yake a rubuce.” Na ce, “Yaushe aka cika katin?” Ta duba ta ce tun kafin a jera su a titi, da makonni.

Ninat, kin ji ko? Mu mata muna ta miƙa jariri ta taga, muna rufe baki, muna hana uwa ta ce ɗana, ashe can a ofis yana kwance a takarda ɓaro-ɓaro da sunan uwarsa. Iyayenmu maza sun sani, su suka je suka rubuta shi, amma wa ya tambaye su. Sojojin nan masu manyan takalma ba su jira ihun yarinya ba, da adireshi suka zo.

Ki amsa mini. Hawati ya gama sauran sunayen, ya bar fili mai faɗin tafin hannu, kullum in na wuce sai ya ɗaga mini gira.

Gazala

Marsai, Maris 1993

Yaya Gazala,

Na gaishe ki. Maigida da sauƙi. Ni ce na kwanta, amma na tashi.

Wasiƙarki ta Fabrairu tana kan firiji, ban buɗe ba. Ta Disamba ta ishe ni, ba ni da ƙarfin wata.

Kin tambaya ko na faɗa wa rakoda. Ban faɗa ba, ke zan faɗa wa. Ranar nan da na yi ihu, Firaji ya juyo. Ya ɗaga mini hannu. Ban gama ganinsa ba Mama ta kwaɗa mini mari a tsakiyar titi, har kunnena ya yi kwana yana ƙara. Ba ta taɓa dukana ba kafin nan, ba ta sake ba bayan nan, kuma ba ta taɓa ɗaga maganar ba har ta mutu. Abin da uwarki ta faɗa na ji shi da kunnena, ina bayan randa. Kin ɗauka sabon labari kika kawo mini? Da shi na yi aure, da shi na haihu. Ɗana na fari sai da ya yi wata uku kafin in yarda in kira sunansa da ƙarfi.

Shi ya sa na miƙe a taron Barhum. Mutum ya ce “ƙanwarsa” a gaban jama'a, da lasifika, kuma ba wanda ya mare ni. Na san tafin naki ne. Na karɓa, kuma ya yi mini daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba.

Na hau jirgin ƙasa na je gidan tarihin neman azurfar. Wani mutum mai ladabi ya ba ni kujera ya ce abin da aka ba su kyauta ya zama na tarihi, ba ya fita, na sa hannu da kaina. Na ce, “Ta uwata ce.” Ya ce, “Shi ya sa muke kula da ita, Madam.” Ya ba ni hotonta a ambulan. Na tsaya gaban gilashin har aka zo rufewa. A hannun Mama na same ta ranar da ta rasu, sai da na buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, kuma ban tambayi kaina dalili ba.

Ba ni da abin fansa. Ki ce wa Hawati ya rubuta “ɗan Samha”. Gara ya hau dutsen da sunan uwarki da a sake barinsa a waje. Na bar miki shi.

Ninat

Tunis, Maris 1993

Ninat, ƙanwata,

Gaisuwa. Gwiwa ta kumbura, likita ya ce in zauna, ban zauna ba.

Da farko, sauko da wasiƙar nan daga kan firiji ki buɗe ta, sakarya. Na ɓata tambarin gidan waya, na ɓata hawayena, ke kina can kina ajiye ta kamar takardar kuɗin wuta. Ki karanta ta sau biyu. Ba muryarki ba ce. Uwata ta yi kuskure, Allah ya ji ƙanta, baƙin ciki ne ya nemi wanda zai kama ya kama ƙarama. Ni kuma da na ɗauko maganar na jefe ki da ita, na san inda nake nufi ta sauka. Ki yafe ko kada ki yafe, wannan naki ne.

Na biyu, wai kin bar mini shi. Ke wa? Yaushe ya zama naki da za ki bar mini? A hannuna yake, ni ce mai bayarwa, kuma ba za ki riga ni ba. Tun kafin takardarki ta iso na riga na hau tasi na je wurin Hawati. Ya ce, “To, Madam Gazala, yau dai wace uwa?” Na buɗe baki, sunan Samha yana kan harshena, na rantse miki. Na ce, “Marima.” Ya ce, “Kin tabbata? Dutse ba ya goguwa.” Na ce, “Sassaƙa kafin in canza, ɗan nema.” Na tsaya a kansa har ya gama, ina jin kowane bugu a haƙarƙarina. Na dawo gida na ciro hoton uwata na ba ta haƙuri. Ba ta ce komai ba, kin san ta da fushi.

Kada ki ɗauka na huce. Har yanzu ban manta da tafin nan ba. Ki je ki sami tsohon nan Barhum tun yana numfashi, ki ce in za a sake buga littafin ya rubuta Gazala a shafin nan, da manyan baƙaƙe. Burodin nawa ne, wayar tawa ce, gishirin ma nawa ne.

Azurfa kuma su riƙe abarsu, su yi ta goge gilashi. Amma ba a fansa kyauta, wannan ko malami bai isa ya canza ba. Na duba wasiƙunki duka, na sa mai kantin magani ya sake dubawa da tabaransa. Kin rubuta Firaji, kin rubuta “Mama ce ta haife shi”, kin rubuta ƙanwarsa ta bakin wani. Kalmar nan guda ba ki rubuta ta ba ko sau ɗaya. Ita ce kuɗina.

Za a buɗe dutsen ranar Lahadi kafin Idi. Na shanya katifa, na saya kifi, zan rage gishiri. Ki zo ki tsaya kusa da ni, in malami ya karanta sunansa da na uwarsa, ki buɗe baki ki kira shi yadda kika kira shi a titi, da ƙarfi, har masu sayar da lemo na bakin ƙofa su ji. Babu sauran wanda muke ɓoye wa shi. In muryarki ta maƙale zan riƙe miki hannu, in kuma wani ya ɗaga nasa zai mare ki, da sandata zan zo.

Yayarki,
Gazala